Yadda Muka Kori Masta Hardeo

Jama'a, kafin mu shiga batun ƙwallo, ku fara taya ni jajen farin wandona. Wandon da 'yata Nazma ta aiko mini daga birnin Okland na ƙetare ne, wanda ba na sawa sai ranar Idi da ranar da Bijiman Tavakula ke wasa a gida. Lahadin makon jiya na ciro shi daga ƙasan akwati, na ajiye motata ta tasi a inuwar mangwaro, na nufi fili da ƙwarin gwiwa, domin an yi ta shela cewa Mai Girma Shugaban Ƙungiya, Garkuwar Ƙwallo, Almakashin Yanke Zare, zai buɗe mana sabuwar rumfar 'yan kallo.

Na isa na tarar da rumfar nan dai da mahaifina ya zauna a cikinta, kwanonta na yoyo inda ya saba, ƙusoshinta na leƙe inda suka saba. Abin da ya ƙaru shi ne koren fenti. Aka ɗaura zare, Mai Girma ya yanka, aka yi tafi. Mai hoto ya ce a sake, wai idon Magatakarda ɗaya a rufe ya fito, aka ƙulla zaren aka sake yankawa. Muka nemi wuri muka zauna. Babu wanda ya gaya mana cewa da hantsin ranar mai fenti ya wanke burushinsa.

Da aka zura mana ƙwallon farko, na yunƙura zan miƙe in gaya wa alƙalin wasa asalinsa, sai wando ya ce shi kam ba inda za shi. Na dubi dama, na dubi hagu, na ga duk layinmu kowa na motsa ƙugu a hankali kamar kaza a kan ƙwai. Haka aka ci mu na biyu muna zaune, aka ci na uku muna zaune. Da aka tashi sai ga muryar Mai Girma a lasifika, yana cewa duk yawon da ya yi a duniya bai taɓa ganin magoya baya masu ladabi da natsuwa irin na Tavakula ba.

Wando dai ya tafi, Allah ya mayar da alheri. Abin da ya fi wando ciwo shi ne wasa ɗaya tak ya rage mana a kakar bana, a gidan 'yan Sigavatu, kuma in ba mu samo ko da canjaras ba, Bijimai sun faɗa rukuni na biyu. Wanda ba ɗan garinmu ba zai ce to sai me? Ai ƙwallo ce. To a Tavakula abu biyu ke tara mutane, yankan rake da wasan Lahadi, raken ma wata shida ne a shekara. Ranar wasa ce ranar da tasina ke kai-kawo har tayoyi su yi zafi. Ranar ce maiɗakina Jaibun ke tashi tun asuba ta murza roti, gurasarmu ta fulawa mai faɗi, ta naɗe shi da miyar kabewa, ta kafa tebur a bakin ƙofar fili tare da sauran mata masu dafaffiyar masara da soyayyen rogo. Wasan rukuni na biyu kuwa na taɓa ganinsa, 'yan kallonsa iyayen 'yan wasa ne da akuyar mai gadi.

Washegari da la'asar muka hallara inda muka saba, barandar shagon Bisun wanzami. An dama yangona, garin saiwar nan da muke jiƙawa mu sha, a babban akushi, ƙoƙo na zagayawa, kowa ya tafa hannu ya shanye, harshe ya mutu, amma bakin Bisun bai mutu ba. Ni ne a kan kujerar aski, ya shafa mini kumfa har kunne.

"Dole Masta ya tafi," in ji Bisun yana wasa reza a jikin fata. "Ya tafi yau, ba gobe ba. Mutumin da tun kafin wayar hannu ta shigo garin nan yake koci? Dabararsa ɗaya ce tun muna yara, doka ta sama, Allah ya sa akwai namu a can. Ko ba haka ba, Liyakat?"

Masta Hardeo ke nan, tsohon malamin firamare, wanda babu namijin da ya haura talatin a Tavakula da bai ɗanɗani rularsa a tafin hannu ba. Da ya yi ritaya ya koma gonar rakensa, amma bai saki usur ɗin Bijimai ba. Har yau in ɗan wasa ya makara sai ya sa shi tsallen kwaɗo, ko da kuwa yana da mata da 'ya'ya uku.

Ni kuwa direban tasi ne, ra'ayina na wanda ke zaune a kujerar gaba ne. Balle kuma reza na maƙogwarona. Na ce, "Gaskiyarka, ɗan'uwa."

Sai Apenisa ya ajiye ƙoƙo. Shi maƙwabcina ne, tsohon soja, dattijon coci, ƙato ne wanda in ya shiga tasina sai motar ta karkata gefensa. Ba ya ɗaga murya, ba ya bukata.

"Bisun, an bar jaki ana dukan taiki," ya ce. "Yaran nan da rana suna yankan rake, wasu suna wanke kwanuka a otal. Sai magariba suke samun kansu. Ina fitilun filin da aka yi mana alkawari? A duhu suke atisaye, gola na kama ƙwallo da kunne. Duk wanda ya iya taka leda a cikinsu, garin da ke da fitila ya ɗauke shi. Ka kawo kocin da ya fi kowa a duniya, me zai koya wa mutum a duhu?"

"Soja, ai Masta ko da rana tsaka duhu yake koyarwa!"

"Ina motar ƙungiya?"

"Tana kan kalanda," in ji wani daga baya, aka fashe da dariya.

Ba ƙarya ya yi ba. A bangon shagon Bisun akwai kalandar da kwamiti ya raba mana, da hoton wata bas fara ƙal, an rubuta sunan Bijimai a jikinta, Mai Girma na tsaye ya dafa ta kamar ango. Shekarar kalandar ta wuce, wata ta bi bayanta, bas ba ta sauko daga bango ba. A tsakani kuwa 'yan kwamiti sun je birnin Sidni, can ƙetare, koyon yadda ake tafiyar da ƙungiya irin ta zamani. Kada a ce ban yaba ba, sun koyo abubuwa. Sun dawo da huluna masu baki, da tumbi, da wata sabuwar kalma wai ita "hangen nesa", wadda tun daga ranar ba su sake ganin abin da ke kusa ba.

"Na ji, kwamiti ɓarayin zaune ne," in ji Bisun. "Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kwamiti ne ya ce a bar Waisake shi kaɗai a gaba kamar maraya? Kwamiti ne ya ce in an ci mu ɗaya mu koma baya mu tsare ɗayan kada ya ɓata?"

Waisake shi ne kyaftin ɗinmu, dogo mai kai kamar guduma. Nan kam sai Apenisa ya ce a miƙo ƙoƙo. Haka aka rabu gida biyu, 'yan a-kora da 'yan a-bari, har wani da surukinsa suka daina gaisawa. Ni da na sauka daga kujerar aski na koma kusa da Apenisa, sai na ji maganarsa ita ma tana da ƙamshin gaskiya.

A gida na tambayi Jaibun nata ra'ayin. Ko ɗago kai ba ta yi daga kwaɓin fulawa ba.

"Baban Nazma, ni ban san ƙwallo ba. Wanda zai sa mutane su zo su ji yunwa a bakin fili, shi ne kocina."

Ana haka sai ga mota da lasifika tana zagaya gari, wai kwamiti ya ji koke-koken jama'a, ya kira babban taro ranar Alhamis a zauren makaranta, magoya baya da kansu za su yanke hukunci a kan Masta. Aka ce muryarmu ce za ta yi aiki. Wallahi har na ji wani girma ya shige ni. Tun da nake ba a taɓa neman muryata ba sai in ana neman kuɗin ƙofa.

Zaure ya cika maƙil tun azahar. Masta ya zo da tsohuwar hularsa ta kaba, ya zauna a layin gaba ya harɗe hannu kamar mai jiran a gama jarrabawa. Mai Girma bai iso ba sai da zufa ta gama jiƙa kowa, saboda manya ba sa makara, jama'a ne ke yin sammako. Ya shigo, Magatakarda na biye da shi da jaka, a bayansu kuma wani matashi mai gyararren gemu da tabarau a saman goshi. Aka ba shi kujera a kan dandamali. Magatakarda ya ce sunansa Shalvin, baƙo ne daga Birisben, ya zo ne kawai ya ga yadda ake dimokuraɗiyya a ƙauye.

Duk garin nan an san Shalvin. Ƙanen matar Mai Girma ne, wanda aka fita da shi yana ɗan shekara goma. Abin da ba mu sani ba sai da biro ɗinsa ya faɗi ya juya ya sunkuya ɗauka. A bayan koriyar rigarsa, da zare ruwan gwal, an rubuta BABBAN KOCI.

Sai na ji muryar da na fi sani a duniya daga wajen mata.

"Ai ni na san rigar nan," in ji Jaibun. "Tun watan jiya na gan ta rataye a shagon tela, na je karɓar ɗinkina."

Mai Girma ya yi tari, ya ce wannan shi ake kira hangen nesa. Daga nan ya shiga jawabi. Ya yabi Masta yabon da ba a yi wa mai rai. Ya ce uba ne, ginshiƙi ne, bango ne, tarihi ba zai manta da shi ba. Ni dai na san in aka fara kiran mutum tarihi yana zaune, to a duba masa hanyar fita.

Jaibun ta sake ɗaga hannu. Na yi mata alama da ido ta zauna, ta yi kamar ba ta taɓa ganina ba.

"Ranka ya daɗe, tambaya ce da ni ta marar ilimi. Duk wasan da ake yi a wani gari, a motar raken Masta yaran nan ke tafiya, su zauna a baya a kan buhuna. In an kore shi, har motar aka kora, ko ita za ta ci gaba da aiki?"

"Uwa, ki kwantar da hankalinki," in ji Mai Girma da murmushi. "Motar ƙungiya tana kan teku."

"Ita kaɗai take iyo?" wani ya tambaya, Magatakarda ya ce a kiyaye da'a.

Sai Bisun ya miƙe, jagoran 'yan a-kora da kansa. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. An ce wanzami ba ya son jarfa, ranar na ga zahiri.

"Jama'a, kowa ya san ni na fara cewa Masta ya tafi, kuma har gobe ina cewa dabararsa ta tsufa. Amma ni nake so in kore shi da hannuna. Ba a kore shi tun watan jiya a shagon tela ba, sannan a kira ni in zo in tafa. Ni ba ɗan amshin Shata ba ne. Masta ya zauna!"

Zaure ya ɗauki sowa. Apenisa ya miƙa hannu ya dafa kafaɗar Bisun, saura kaɗan ya durƙusar da shi. Aka ce masu son Masta ya zauna su ɗaga hannu, sai ka ce gonar rake, hannuwa ko'ina. Aka ce masu son ya tafi, 'yan kwamiti suka ɗaga, da direban Mai Girma, da wani kurma da bai ji tambayar ba.

Magatakarda ya sunkuya ya yi 'yan rubuce-rubuce, ya miƙe ya gyara murya. Ya ce kafin a faɗi sakamako, dole a tuna cewa Bijimai ba na mazauna Tavakula kaɗai ba ne. Akwai dubban magoya baya a Okland da Sidni da Bankuba, waɗanda suka bugo waya suka bayyana ra'ayinsu. Akwai kuma waɗanda suka zauna a gida, kuma shiru alama ce ta yarda da shugabanci. Da aka haɗa duka, in ji shi, jama'a da gagarumin rinjaye sun amince a yi canji.

Kun ga aikin ilimi. Mu da muka zo da ƙafafunmu muka sha kaye a hannun waɗanda ba su zo ba.

Kafin kujeru su fara tashi sama, Masta ya miƙe. Ɗaga yatsa ɗaya kawai ya yi, zauren nan ya koma aji uku. Ya ciro usur daga wuyansa ya ajiye a kan tebur gaban Shalvin.

"Ka wanke shi da ruwan zafi, yaro, ya sha miyau," ya ce. Ya juyo gare mu. "Ku kuma ku zauna, kada wanda ya karya kujerar makaranta. Na gode. Matata ta daɗe tana tambaya ko ranar Lahadi ma tana da miji. Kai Bisun, na ji jawabinka. Da haka ka buɗe baki a aji da yanzu ba kan mutane kake karta ba."

Ya sa hularsa ya fita. Abin da ya ba ni mamaki, tafiyarsa ta wanda aka sauke wa kaya ce.

Lahadi ta zo. Da hantsi na bi ta gaban kasuwa na tarar da Bijimai a tsaye bakin titi, kowa da jakarsa, suna kallon hanya kamar masu jiran watan Sallah. Sigavatu tafiya ce mai nisa, a hanyar da ramukanta suka girmi wasu 'yan wasan. Ina nan tsaye sai ga motar Mai Girma, gilashi a rufe, sanyi na kaɗawa a ciki. Aka sauke gilashi kaɗan, Shalvin ya leƙo ya ɗaga babban yatsa.

"Mun yi gaba mu duba fili! Ku same mu a can!"

"A me?" Waisake ya yi ihu, amma gilashi ya riga ya koma.

Ya buga wa Magatakarda waya, aka ce masa ana kan magana. Ya sake bugawa, aka ce maganar ta yi nisa. Dokar gasa kuwa ba ta san uzuri ba, ƙungiyar da ba ta bayyana a fili ba an cinye ta, mu kuma cinyewar nan ita ce kabarinmu. Na ga Waisake, ƙaton da ke karo da mutum uku ya wuce, ya zauna a kan jakarsa ya rufe fuska da tafin hannu.

Na figi mota sai gidan Masta, na ce ko da durƙuso ne a ba mu aron motar rake. Matarsa ta fito tana share hannu da gefen zanenta na sari.

"Mota tana layin injin matsar rake tun jiya, ɗauke da rake, yaron gona ke tsaronta. Shi kuwa tun safe ya hau bas ɗin haya ya tafi Sigavatu. Wai zai je kallon ƙwallo."

"Ba ya ce zai zauna da ke ranar Lahadi ba?"

"Ɗana, kai ma ka yarda?"

Abin da ya biyo baya ba kwamiti ya shirya shi ba, shi ya sa ya yiwu. Apenisa ya shiga coci ana tsakiyar waƙa, ya raɗa wa fasto magana a kunne, fasto ya taƙaita wa'azi ya miƙo makullin motar coci. Bisun ya rufe shago da mutum a kan kujera an aske masa rabin kai, ya je ya taso surukinsa mai motar kifi. Ni na ɗauki mutum biyar, har da golanmu wanda ƙafafunsa ba su shiga ba sai da muka bar taga a buɗe. Jaibun ta cusa kwandon roti a but ɗin motata, ta ce ko an ci mu ko ba a ci mu ba, 'yan Sigavatu ma suna da ciki. 'Yan bayanmu huɗu su suka faɗa motar kifi, suka zauna tsakanin akwatunan ƙanƙara.

Ba zan ba ku labarin hanya ba, saboda yara na karanta jaridar nan. Mun dai isa alƙalin wasa na duban agogo, usur na bakinsa. Yara suka sa riguna a guje. Waisake ya dubi bencinmu, babu kowa sai jarkar ruwa.

"Kawu Liyakat, ina koci?"

"Yana duba fili."

"To wa zai buga, wa zai zauna?"

"Ɗana, ku yi yadda kuka saba."

Aka take wasa. Ba a yi nisa ba sai wata murya ta tsaga filin nan daga cikin 'yan kallo, muryar da ta sa ni gyara zama ba shiri.

"Wane jakin ne ya koya muku wannan wasa? Doka sama, doka sama, tsuntsaye kuke wa hidima?"

Masta ne. Yana zaune a can sama da hularsa ta kaba da ƙullin gyaɗa a cinya, fuskarsa na sheƙi kamar ta yaro ranar hutu. Duk zagin da muka yi masa shekara da shekaru ashe ajiya yake yi, ranar ya fito da shi ɗaya bayan ɗaya, har da na Bisun, kalma da kalma.

"Kun bar Waisake shi kaɗai kamar maraya! A kori koci! A kore shi!"

"Baba, ai ba ku da koci," wani ɗan Sigavatu ya ce masa.

"To a nemo shi a kore shi!"

Ban sani ba ko tsoron muryar ne, ko haushin barin su da aka yi a bakin titi, amma yaran nan sun yi gudun da ban taɓa gani ba. 'Yan gaban Sigavatu kuma, da sun matso kusa da 'yan bayanmu sai ka ga sun kawar da kai sun saki ƙwallo da wuri, saboda ƙarnin kifi ya kama rigunan har zare. Daf da hutun rabin lokaci muka sami bugun kwana. Aka ɗago ta, Waisake ya tashi sama ya sa mata gudumar nan tasa, raga ta girgiza. Na rungume wani mutum da ban sani ba, daga baya na gane ɗan Sigavatu ne.

Ana cikin hutu sai ga motar Mai Girma ta shigo a hankali. Shi da Magatakarda da Shalvin suka fito suna sakace haƙora. Ashe a hanya sun tsaya wani otal na bakin teku, taron tsara dabaru, kuma kun san ba a tsara dabara da yunwa. Shalvin ya ji muna gaba da ci ɗaya, ya gyaɗa kai ya ce haka ya tsara. Ya tara yara ya fito da wata faffaɗar waya mai kibiyoyi ja da shuɗi suna yawo a kanta. Ya ce ƙwallon zamani ba ta san ɗan baya da ɗan gaba ba, kowa kowa ne. Ya ɗauki babban ɗan bayanmu, wanda ya fi kowa ƙarni, ya tura shi gaba.

Ko gumi ba su sake yi ba aka farke. Ɗaya da ɗaya.

Daga nan wasa ya koma gabanmu kacokan. Suka buga ta daki turke, suka buga gola ya ture da gwiwa, suka buga ta daki bayan wani da bai ma san ta taho ba. Jaibun ta bar teburin roti ta zo ta riƙe mini hannu, abin da ba ta yi ba tun ranar da aka haifi Nazma. Canjaras ɗin nan shi ne abincinmu, kowa ya sani. Kowa ban da mutum ɗaya. Shalvin ya miƙe ya nufi bakin layi yana ihu wai duka a tafi gaba, har gola in ta kama, shi bai zo daga Birisben don ya yi kunnen doki ba.

Sai na ga Apenisa da Bisun sun sauko daga cikin 'yan kallo, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Babu wanda ya taɓa shi da mugunta, ni shaida ne. Apenisa ya sa masa hannu a kafaɗa irin na ƙauna, ya rako shi benci, suka zauna tare, hannun bai sauka ba.

"Koci, huta," in ji Apenisa. "Ka sha hanya."

"Amma dole in canza tsari!"

"Wa ya yi maka gyaran gemun nan?" in ji Bisun ta ɗaya gefen, yana juya masa haɓa. "Kai, sun cuce ka. Dubi nan, ba a daidaita ba. Tsaya in gani da kyau."

Haka suka yi ta duba gemun nan har alƙalin wasa ya busa tashi. Bijimai sun tsira. Waisake ya kwanta a ciyawa yana kuka, matan Tavakula na guɗa, roti ya ƙare tas.

Kafin mu gama share hawaye Mai Girma ya riga ya sami lasifika. Ya ce wannan sakamako ya tabbatar da hikimar matakin da kwamiti ya ɗauka bisa umarnin jama'a. Ya ce a tarihin Bijimai ba a taɓa samun kocin da ba a taɓa cinyewa ba sai wannan. Ya ce fitilu na nan tafe, a jirgi ɗaya da bas.

A dawowa Masta ya shigo tasina, ya zauna a gaba, murya ta dishe. Na tambaye shi in an zo an ba shi haƙuri zai koma?

"Ni? Allah ya kiyaye. Liyakat, ashe haka zagin koci yake da daɗi, shekara da shekaru kuna sha ku kaɗai ba ku gaya mini ba?"

Muka yi dariya. Ya juya yana kallon gonakin rake suna wucewa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka gaya wa yaron Birisben ɗin nan, gwiwar hagu ta gola ba lafiya gare ta ba. Kada ya sa shi tsalle a busasshiyar ƙasa. Kada ka ce ni na faɗa."

Jiya mun koma barandar Bisun, an dama yangona, gardama ta dawo sabuwa. Yanzu gida uku ne. Akwai masu cewa a dawo da Masta, akwai masu cewa a ba Shalvin dama tunda an gano yadda ake zaunar da shi, sai kuma sabuwar jam'iyya mai cewa a bar bencin haka nan da jarkar ruwa, tunda ita ce ta ci mana ƙwallo. Aka tambaye ni nawa ra'ayin, kuma a karon farko babu reza a wuyana, babu fasinja a kujerar gaba.

Na ce ni ba masani ba ne, abin da idona ya gani kawai na sani. Koci ɗaya da manya biyu sun tafi cin abincin rana na rabin wasa, muka sami ci ɗaya. To ina ga an tura kwamitin gaba ɗaya, da jakunkunansu da hangen nesansu, su je cin abincin rana na kakar wasa guda? Ni zan kai su a tasina har bakin teku, kyauta, in buɗe musu ƙofa da hannuna. Na dawowar ne dai ban tabbata ina da mai ba.